A San Wanda Ya Canza Lissafi A Cikin Kwamfuta

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan wani abu da ya shigo mana gida ba mu ankara ba.

Yanzu kusan duk inda muke hulɗar kuɗi an ajiye littafi an koma kwamfuta. Dilan taki, babban shagon da muke sarin sukari da sabulu, ƙungiyar gama-kai ta manoma, kamfanin da ke ba da iri bashi a biya da kaka, kowa sai ya ce bari ya duba na'ura. Ni ban ƙi wannan ba, domin aiki yana sauri kuma layi ya ragu. Amma akwai wani amfani da littafin bashi yake da shi wanda ba kowace kwamfuta ke da shi ba. Idan yaron shago ya mayar da buhu 10 ya zama 16 a littafi, tawada za ta nuna, kuma an san rubutun hannun kowa. A kwamfuta kuwa sabuwar lamba tana hawa kan tsohuwa ne, tsohuwar ta ɓace, fes kamar ba a taɓa wurin ba. Sai fa idan tun farko an saita na'urar ta riƙa ajiye tarihin duk wani canji, wato wa ya canza, wace rana da wane lokaci, me ke wurin a da, me aka sa yanzu.

Kada wani ya ce wannan tsoron ɗan ƙauye ne. A Ingila abin ya faru, kuma ƙananan masu shago irinmu ya ci. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon a ƙananan rassanta, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Masu riƙe da rassan nan akasarinsu 'yan tireda ne, suna sayar da jarida da alewa a gefe guda, suna aikin gidan waya a ɗaya gefen. Sai na'ura ta fara nuna kuɗi sun yi ƙasa a wurin wasu. Hukumar ta dage cewa bisa yarjejeniyar da suka sa wa hannu, duk giɓin da aka samu, mai reshe ne zai cike daga aljihunsa. Wasu suka ci bashi suka biya, wasu suka rasa gidajensu. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 bisa zargin sata ko lissafin ƙarya, wasu suka tafi gidan yari, har da mace mai juna biyu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, shekara da shekaru hukumar tana cewa babu wanda zai iya taɓa lissafin reshe daga nesa, sai mai reshen da kansa. Da mutum 555 suka haɗu suka kai ƙara ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, kotu a 2019 ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga daga ofishinsu su sauya lissafin reshe, har ma abin ya fito kamar a kan kantar reshen aka yi shi. Mai shago yana barci a gidansa, lambobinsa suna motsi, gari ya waye a ce masa ɓarawo. Shi kuma ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce ga wanda ya taɓa, domin cikakken bayanin yana hannun waɗanda suke tuhumarsa. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, sai a 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta soke hukuncin ɗaruruwan da suka rage. Wasu sun mutu ba su ga ranar ba. To idan haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi a kowace kusurwa, ina ga manomin da ko rasit ba a ba shi?

Mu ma a nan gida mun ga ɗanɗanon abin ta wata fuska. A farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun tana minista, ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga jerin masu albashi, abin da ya rage wa gwamnati kimanin naira biliyan 2.29 a kowane wata. Lambar BVN ce ta tona asirin, domin an ga sunan ma'aikaci daban, sunan mai asusun banki daban, wani wurin ma albashin mutane da yawa yana zuba a hannun mutum ɗaya. Sunayen nan ai ba aljanu suka shigar da su ba. Wani ne ya zauna gaban na'ura ya buga.

Wannan ya nuna ba kowane gurbi ne a cikin kwamfuta ke buƙatar gadi iri ɗaya ba. Idan an yi kuskuren harafi a sunan unguwarku, ba a yi asarar komai ba. Amma lambar asusun da za a tura maka kuɗin masararka, da farashin da aka ba ka kaya a kansa, da yawan buhunan da ka karɓa, da ragowar bashin da ake binka, waɗannan su ne ƙofar rumbu. Ku ƙara da lambar waya, wadda mutane ke rainawa. Duk wanda ya canza lambar wayarka a na'ura ya toshe maka kunne, domin saƙon da zai sanar da kai an taɓa kuɗinka wani wuri zai tafi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na manoma da na 'yan kasuwa, kafin ku biya kuɗin kowace manhaja, ku sa mai sayar da ita ya gwada a gabanku. A canza farashin buhu ɗaya, sannan a ce ya nuna inda na'urar ta rubuta tsohon farashi da sunan wanda ya canza. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Ku kuma tambaya ko manaja ko shi mai manhajar zai iya goge wannan tarihin, domin in ana iya gogewa, to an yi ba a yi ba.

Sai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunanmu, yara huɗu ko biyar duk suna shiga na'ura da lambar sirri guda ɗaya, sau da yawa ma ta maigida, an rubuta ta a jikin bango. A haka ko na'ura ta ajiye tarihi, sunan maigida kawai za ta nuna. Kowane yaro a ba shi tasa. Wannan kariya ce ga yaron kirki ma, don kada a ɗora masa laifin wani. Kuma canjin lambar asusu ko yafe bashi bai kamata mutum ɗaya ya fara ya gama shi ba. Ɗaya ya shigar, wani ya tabbatar, a kira mai asusun a tsohuwar lambarsa a ji daga bakinsa. Mu Musulmi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Na san wasu za su ce wannan zai jawo ɓata lokaci ranar kasuwa, kuma gaskiya ne zai ɗan jawo. Shi ya sa na ce a tsaya kan wurare ƙalilan masu haɗari, ba kowane abu ba. Kuma tarihin da ba a karantawa ba ya kama kowa. A taron wata-wata na ƙungiya, bayan ma'aji ya karanta kuɗin shiga da na fita, sakatare ya karanta jerin canje-canjen da aka yi a watan, da sunan wanda ya yi da dalilinsa. Minti goma ya isa.

Mu kuma masu karɓar kaya, kada mu yar da ɗan littafinmu na aljihu don an ce komai yana na'ura. A karɓi rasit, a adana saƙon waya, a rubuta ranar da aka biya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta ba mutum damar neman ganin bayanansa da wani kamfani ke riƙe da su, da neman a gyara in akwai kuskure. Ina roƙon gidajen rediyonmu su fassara wannan doka da Hausa a shirye-shiryen manoma kafin lokacin rabon takin damina.

 

Naka mai karatu a kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
daga ƙasar Funtuwa, Jihar Katsina.