Lasisin bindiga a Zamfara: Abin da doka ta tanada da abin da daji ke yi

A ƙarshen watan Yunin 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta fitar da sanarwar da ta girgiza ƙasar nan. Kwamishinan Yaɗa Labarai na lokacin, Ibrahim Magaji Dosara, ya bayyana cewa Gwamna Bello Matawalle ya umarci jama'a su nemi bindiga domin kare kansu, kuma an umarci Kwamishinan 'Yan Sandan jihar ya ba duk wanda ya cancanta lasisi. An ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar, wato fom 9,500 ke nan, a jihar da ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 3.

Sanarwar ba daga sama ta faɗo ba. Makonni bakwai kafin nan, ranar Juma'a 6 ga Mayu, 'yan bindiga sun afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a Ƙaramar Hukumar Bakura, suka kashe aƙalla mutum 48. Ba a gama zaman makoki ba aka shiga Faru da Ƙauyen Minane a Ƙaramar Hukumar Maradun, mahaifar Gwamnan kansa. A shekarar da ta gabace ta, wannan yanki ɗaya ya ga sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Talata Mafara cikin Fabrairu, da kwashe ɗalibai da ma'aikata daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, da ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar Kaya a Maradun ranar 1 ga Satumba. Wannan ita ce ƙasar da ruwan dam ɗin Bakolori ke shayarwa, ƙasar shinkafa da albasa da tumatir, inda manomi ya kai matsayin sai ya biya ɗan ta'adda haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sai dai cikin 'yan kwanaki umarnin ya ci karo da bango. Kwamishinan 'Yan Sandan jihar, Ayuba Elkanah, ya ce takunkumin da aka sa wa bayar da lasisin bindiga yana nan daram. Babban Hafsan Tsaron Ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni. Tun daga wancan lokaci maganar ba ta mutu ba. Duk sanda aka kai wani mummunan hari sai ta sake tasowa a majalisun hira da kasuwanni, kuma a birane irin su Gusau da Sakkwato da Kano tambayar takan ɗauki wata siffa ta daban. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Gusau zuwa Talata Mafara ranar kasuwa, ko ma'aikacin da aka tura aiki Maradun, ba bindigar toka yake tunani ba. Ƙaramar bindiga yake so, fistol ko libarba, wadda za ta shige aljihun mota ko ƙarƙashin babbar riga ba tare da kowa ya sani ba.

A nan ne mutane da dama ke yin kuskure. A tunanin talaka, ƙanƙantar bindiga na nufin sauƙin samun takardarta. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, akasin haka ta ce. Ta kasa makamai gida uku. Kaso na farko shi ne haramtattun bindigogi, waɗanda sashe na 3 ya ce ba mai riƙe su sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. A cikin wannan kaso akwai igwa da roka da bam da gurneti da bindiga mai jigida da bindigogin soja, kuma a jere ɗaya da su aka sa fistol da libarba, kowace iri ce, har da wadda maƙeri ya ƙera. Ma'ana, a idon doka, mai neman ƙaramar bindiga da mai neman AK-47 ƙofa ɗaya za su ƙwanƙwasa, kuma ƙofar tana Fadar Shugaban Ƙasa.

Kaso na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska. Sashe na 4 ya damƙa lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bisa ƙa'idojin da Shugaban Ƙasa ya shimfiɗa. Kaso na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, bindigar toka da adaka da danginsu. A nan kaɗai dokar ta ambaci Gwamna, shi ma ta fuskar amincewa da abin da Kwamishinan 'Yan Sanda ya tsara. Abin da ya rage a hannun jiha, idan aka tsame komai, shi ne harba-ka-ruga.

Ba don mugunta Turawan mulkin mallaka da waɗanda suka gaje su suka tsara haka ba. Ƙaramar bindiga makamin ɓoyo ce. Ba a farauta da ita, ba a korar biri daga gona da ita; amfaninta ɗaya shi ne harbin mutum daga kusa ba tare da ya ankara ba. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka fi matsa mata. Birtaniya, wadda aka kwaikwayo tsarin daga wurinta, ta hana farar hula mallakar kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996. Amurka ce ta fita daban, saboda tsarin mulkinta ya mai da riƙe makami haƙƙin ɗan ƙasa, kuma daga finafinanta ne galibin matasanmu suka ɗauko tunanin cewa sayen fistol kamar sayen waya ne.

A Najeriya riƙe bindiga alfarma ce da hukuma ke yi. Sashe na 6 ya fito fili ya ce ba wanda lasisi ya zama haƙƙinsa, ana iya hana shi ba tare da an faɗi dalili ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi marar kamun kai, ko wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda kuwa aka kama da haramtacciyar bindiga babu lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. Wannan ya kamata ya tsaya a zuciyar duk ɗan kasuwar da wani dillali ya raɗa wa cewa zai samo masa "kaya" a farashi mai sauƙi. Ranar da aka bankaɗo ta a shingen bincike, bayanin cewa don kare kai aka saye ta ba zai cire shi daga tuhuma ba, balle a jihar da tun Yunin 2022 ta yi dokar hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu taimaka musu.

Ko kaso na biyun ma ƙofarsa a rufe take. Rundunar 'Yan Sanda ta sha nanata cewa ta daɗe da dakatar da bayar da sababbin lasisi, kuma a watan Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada dakatarwar, yana mai cewa makaman da ke yawo a ƙasa sun riga sun yi yawa. Tsarin Mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa a jerin al'amuran da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Gwamna na iya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni kan tsaron jama'a, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan damar neman a mayar da batun ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Tun kafin a buga fom ɗin Zamfara an san inda zai tsaya. Ba Matawalle kaɗai ya yi wannan karo ba: Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, Samuel Ortom kuma ya nemi a ba dakarun sa-kai na Binuwai lasisin AK-47 a 2022, bai samu ba.

To, a ƙaddara an ba da lasisin. Me fistol za ta yi a Faru? Tazarar da ƙwararre zai iya samun abin da ya auna da ita ba ta wuce kimanin mita 50 ba, wanda bai saba ba kuwa ko rabin haka da kyar. AK-47 na cin mutum daga mita 300, gidan harsashinta na ɗaukar guda 30, kuma maharan ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. A kan babura suke zuwa da yawa, biyu-biyu ko uku-uku, wani lokaci da bindiga mai jigida. Matafiyin da aka tare a hanya ya zaro ƙaramar bindiga a gaban irin waɗannan, ya mai da garkuwa ta zama kisa, nasa da na waɗanda ke cikin motar. Idan suka bincike shi suka same ta kuwa, za su ɗauke shi jami'in tsaro ko ɗan sa-kai, kuma kowa a Zamfara ya san abin da suke yi wa waɗannan. Bindigar kuma ta ƙara wa rumbunsu. Inda doguwar bindiga ta yi rana a ƙauyukan Arewa maso Yamma, a hannun jama'a ta yi shi, mutane da yawa a bayan ganuwa ko rami, da masu gadi da tsari. Mutum ɗaya da makami a aljihu wani lissafi ne daban.

Masu goyon bayan ba jama'a makamai suna da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, alhali na soja da 'yan sanda da sauran jami'ai gaba ɗaya ba su kai 600,000 ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 ne 'yan sanda suka kasa ba da bayaninsu, ciki har da AK-47 guda 88,078. Ɗan ta'adda bai taɓa cike fom ba. Takunkumin lasisi mai bin doka kaɗai yake kamawa, kuma hukumar da ke cewa makamai sun yi yawa ita ce ta kasa tsare na ma'ajiyarta. Sashe na 33 na Tsarin Mulki da kundin Final Kod duk sun yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa. Amma an ba shi haƙƙin, an riƙe abin da zai kare kan da shi. A Fabrairun 2025, Shugaban Hukumar DSS, Adeola Ajayi, shi ma ya fito ya ce dole al'umma su zama matakin farko na tsaron kansu. 

Amma Zamfara ce jihar da ta fi kowace sanin ɗacin wannan magani. Rikicin da ya faro da satar shanu ya zama yaƙi ne a lokacin da 'yan sa-kai suka fara kashe makiyaya a kasuwanni ba tare da shari'a ba, su kuma suka tara kuɗi suka sayo manyan makamai domin ramuwa. Kisan 'Yar Galadima na Afrilun 2014 a kan taron 'yan banga aka yi shi. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya lissafa mutum 6,319 da aka kashe daga 2011, da mata 4,983 da suka rasa mazajensu, da marayu 25,050. Matawalle da kansa ya haramta 'yan sa-kai a farkon mulkinsa, lokacin da yake neman sulhu, kafin ya dawo bayan shekara uku yana kiran a ɗauki makami. Akwai kuma tambayar da fom ba ya amsawa: wa zai tantance mai nema? Ta hannun masarautu aka ce za a raba, a jihar da gwamnati ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a 2022 bisa zargin hannu a ta'addanci, kuma a ƙauyukan da infoma kan zama maƙwabci.

Gwamna Dauda Lawal ya bi wata hanya. Ranar 31 ga Janairun 2024 ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum 2,646, da horo da kayan sarki da albashi, bayan Katsina ta kafa nata dakarun a Oktoban 2023. Wannan ya fi raba fom ma'ana, domin akwai rajista, akwai kwamanda, akwai wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna. Duk da haka gibin makami na nan, tunda doka ba ta yarda su riƙe irin na abokan gabarsu ba. A Janairun 2025 kuma aka ga wani haɗarin na daban a Tungar Kara, yankin Maradun da Zurmi, inda jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta kan 'yan sa-kai da mazauna gari da suka fito bin sawun maharan, aka rasa aƙalla mutum 16. Daga sama, ɗan ƙauye mai bindiga a kan babur da ɗan ta'adda kamanninsu ɗaya.

Matawalle, wanda hedikwatar tsaro ta taka wa burki a 2022, ya zama Ƙaramin Ministan Tsaro a Agustan 2023, amma Dokar Bindigogi ba ta sauya ba. Ƙudirin da Sanata Ned Nwoko ya gabatar a farkon 2024 na ba farar hula damar riƙe makami ya ta da ƙura, sojoji da 'yan sanda suka nuna ba sa tare da shi. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2024 ta ƙarfafa cibiyar da ke tattara ƙananan makamai ce daga hannun jama'a. Inda hankalin gwamnoni ya karkata tun taronsu da Shugaban Ƙasa na Fabrairun 2024 shi ne 'yan sandan jihohi. Wannan sai an gyara sashe na 214 na Tsarin Mulki, da rinjayen kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu da amincewar majalisun jihohi 24. Ko an yi hakan, muddin makamai na cikin jerin ikon Tarayya, Gwamnan Zamfara zai ci gaba da rubuta wa Abuja takarda kafin ya saya wa 'yan sandansa bindiga guda.