Rigar Babur ta Doguwar Tafiya: Kariya Kafin Hana Ruwa

Wanda ya tashi da babur daga Kano a farkon damina ya nufi Gembu a kan tsaunin Mambila, zai ratsa yanayi iri-iri kafin ya sauke kaya. Zai bar Kano cikin zafin da ke kusantar digiri 40 a watan Mayu, ya haura Jos mai tudun kusan mita 1,200 inda hadari kan haɗu da la'asar, ya gangara kwarin Binuwai mai sa gumi, ya bi ta Bali da Serti. Daga Mayo Selbe hanya ta fara hawa zuwa tudun da ya kai kimanin mita 1,600, inda hazo da yayyafi da sanyi ke jiransa. Riga ɗaya ce a jikinsa duk tsawon wannan hanya, kuma tambayar da akasarin masu saye ke fara yi wa ɗan kasuwa ita ce ko tana hana ruwa. Wannan tambaya ta uku ya kamata ta zo. Ta farko ita ce ko rigar za ta kare fata da ƙashi idan an faɗi, ta biyu kuwa ko za a iya jure ta a jiki da tsakar rana.

Dalilin yana cikin yadda ake hana ruwan shiga. A 1969 Bob Gore ya gano cewa idan aka fizgi robar PTFE mai zafi da sauri, tana miƙewa ta zama siririn shafi mai ƙananan ƙofofi. Daga nan aka sami Gore-Tex, wasu kamfanoni kuma suka fito da nasu. Kamfanin ya ce ɗigon ruwa ya ninka kowace ƙofa sau 20,000, ita kuma ta ninka ƙwayar tururi sau 700, don haka ruwan sama ba ya shiga amma tururin gumi yana fita. Sai dai tururin yana fita ne idan iskar waje ta fi ta cikin riga sanyi da bushewa. A Turai haka abin yake galibin shekara. A Serti cikin watan Yuni, iskar waje ma a jiƙe take kuma da ɗumi, sai gumin ya rasa mafita. Mahayi ya tsira daga ruwan sama ya jiƙe da nasa, zafi ya dame shi, hankalinsa ya ragu a kan hanya. Daga ƙarshe ya tuɓe rigar ya ɗaure ta a bayan babur, inda ba ta kare kowa.

Iri uku ake ɗinka waɗannan riguna. Akwai wadda aka manne shafin hana ruwan a jikin yadin waje. Ba ta shan ruwa, tana saurin bushewa, zif ɗin iskarta na buɗewa har jiki, amma ita ce mafi tsada. Akwai wadda shafin ke rataye a ciki ba ya cirewa; ta fi araha, sai dai yadin waje yana jiƙewa ya yi nauyi, iska kuma ba ta isa ga fata ko an buɗe zif. Ta uku shafinta na cirewa, wanda ke nufin idan hadari ya taso sai an tsaya bakin hanya an tuɓe an saka shi, yadin waje kuma ya jiƙe duk da haka.

Ga mai yawo tsakanin Sahel da tsaunuka, mafita mafi hankali ita ce a raba aikin biyu: riga mai ƙarfi mai raga ko manyan ƙofofin iska, da rigar ruwa mara nauyi da ake ɗorawa a kanta. Ruwanmu yakan zo da ƙarfi ya wuce, kuma hadari yana ba da sanarwa tun daga nesa. Rigar saman tana kuma tare iska a sanyin asubar hunturu, idan ta yage a sauya ta da kuɗi kaɗan.

Masu goyon bayan riga mai mannen shafi suna da hujja. Jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe ɗumin jiki da sauri, musamman ga wanda ke gudun kilomita 80 a sa'a, kuma iska na ƙara sanyi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka haura. Hannun da sanyi ya sandarar ba ya kama birki da kyau. Wanda yawancin tafiyarsa a Filato da Mambila take cikin markar Agusta, kuɗin da ya kashe a kan irin wannan riga bai tafi a banza ba. Sauran mahaya, waɗanda watanni bakwai ko takwas na shekararsu rani ne, suna biyan tsada ne don matsalar da ba ita ce babbar matsalarsu ba.

Batun kariya ba ya buƙatar dogaro da bakin mai sayarwa. Ma'aunin Turai na EN 17092 ya kasa rigunan babur bisa juriyarsu ga gogar kwalta da yagewa da ƙarfin ɗinki: AAA ce a sama, sai AA, sai A. Ga doguwar tafiya a babbar hanya, AA ce matsakaiciya tsakanin ƙarfi da nauyi. Matasan kariya na kafaɗa da gwiwar hannu suna ƙarƙashin EN 1621-1, na gadon baya kuma EN 1621-2, kowanne da mataki na 1 da na 2, kuma na 2 ya fi rage ƙarfin bugu. Riguna da yawa suna zuwa da soso kawai a aljihun baya, sai an sayi matashin daban. Shirin MotoCAP na Ostireliya, wanda ya fara a 2018, yana gwada riguna ya wallafa makinsu na kariya da shan iska kyauta a intanet, kuma duba shi kafin biya ya fi duba farashi amfani.

Da yawa a gwanjo za su sami tasu, kuma babu laifi a hakan idan an bincika. A juya rigar a duba tef ɗin da aka liƙa a kan ɗinki, domin nan ruwa ke fara shiga idan ta tsufa. A matsa matasan kariya. Wanda ya bushe ko ya tsage ya gama aiki. A gwada ta a zaune a kan babur, hannu a kan kai, a ga ko hannun riga ya kai wuyan hannu, ko matashin yana zama a kan gwiwa ba ya zamewa. Launi mai haske ya fi baƙi sauƙin rana, direban tirela kuma ya fi saurin hango shi cikin ruwa ko ƙurar hunturu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke shirin hawa Mambila a wannan damina ya gwada rigarsa tun yanzu, sa'a ɗaya cikin rana da sa'a ɗaya cikin ruwa a kusa da gida, kafin ya dogara da ita a hawan Mayo Selbe.