RA'AYINMU: Tsarabar Kirsimeti da ledar da ake bar wa Kudancin Kaduna

Daga tsakiyar Disamba motoci ke fara barin Abuja maƙare da kaya, suna nufar Kafanchan, Kwoi, Zonkwa da Kagoro, inda hutun kan zarce har bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Da dama daga cikin matafiyan ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, da hadiman manya da aka ɗora wa rabon tsaraba. Zumunci abin yabo ne. Ƙorafinmu a kan rigar da ake sanya wa kyautar yake: leda mai sheƙi, takarda mai ƙyalƙyali, kirtanin roba da salatif.

Wannan ado ba ya wuce ƙiftawar ido. Ana yagewa an gama da shi. Takardar ƙyalƙyali da roba aka haɗa ta, shi ya sa ko 'yan bola jari ba sa waiwayarta. A Maitama motar shara za ta kwashe, amma a ƙauyukan Jema'a da Jaba wa zai kwashe? Ko dai a cinna mata wuta, hayaƙin ya haɗu da ƙurar hunturu a ƙirjin yara, ko iska ta watsa ta cikin gonakin citta, ko akuya da saniya su haɗiye. Mahauta sun san abin da suke zarowa daga tumbin dabbobi. Wadda ta tsira kuwa, damina za ta kora ta cikin rafuka.

A watan Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani sau ɗaya a ma'aikatu da hukumomin gwamnati. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya a 2017. Bai dace ma'aikacin da aka hana leda a ofis ya ɗebe ta ya kai garinsu ba.

Madadin kuma ba baƙo ba ne. Kalmar lefe kanta sunan kwandon kaba ce kafin ta zama sunan akwatuna. Kwando da faifai da ƙwarya suna nan a kasuwar Kafanchan, kuma wanda aka ba zai daɗe yana morar su. Fallen atamfa zai ɗaure kyauta tsaf, kamar yadda iyayenmu mata ke ƙunshe kayan biki, daga baya ya zama ɗankwali ko rigar yarinya. Mutanen Japan sun daɗe suna naɗe kyauta da ƙyalle, ba wanda ya kira su marowata.

Nan ne ma fargabar hadimai take: kada a ce kyautar maigida ba ta yi armashi ba. Muna ganin akasin haka. Kwandon da aka saƙa a gida, aka zuba masa zuma da acca da citta, ya fi biskit ɗin kanti daraja, kuma kuɗin zai shiga hannun manoman da cutar citta ta durƙusar a 2023.

Sai dai saƙa tana cin lokaci. Ofishin da ke buƙatar kwanduna masu yawa tun Nuwamba ya kamata ya ba masu saƙa aikin, kuma kafin lokacin muke sa ran Ma'aikatar Muhalli ta fitar da takardar umarni da za ta shigar da kyaututtukan ƙarshen shekara cikin hanin.