Ƙasar Katagum Na Bukatar Masu Gyara Kafin Ƙarin Kwamfutoci

Tun shekarar 2015, sa'ad da Hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir baki ɗaya, duk yaron da ke neman shiga jami'a a Nijeriya tilas ne ya zauna gaban kwamfuta. Yaron Disina, cikin Ƙaramar Hukumar Shira, yakan yi sammako ya nufi Azare ko wani babban gari inda ake da cibiyar jarrabawa, bayan ubansa ya sayar da hatsi ko akuya ya biya kuɗin rajista da na mota. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne duk wahalar nan tana iya tafiya a banza saboda wani ɗan kati da bai wuce tafin hannu ba.

Ga yadda abin yake. A cibiyar jarrabawa akan jera kwamfutoci 250 a zaure guda, amma tambayoyin ba cikinsu suke ba. Suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, watau uwar garke, ita ce ke rarraba tambayoyi, ita ce kuma ke karɓar amsoshi. Ƙofar da uwar garke ke magana da sauran ta cikinta ita ce katin sadarwa, inda ake soka wayar da ta fito daga akwatin rarraba layi. In kwamfutar yaro guda ta lalace, sai a mai da shi kan wata. In kuwa katin uwar garke ne ya tsaya, to, zauren duka ya tsaya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Ranar 11 ga Agusta, 2007, katin sadarwar wata kwamfuta guda ya ɓaci a filin jirgin saman Los Anjalis na ƙasar Amurka, ya riƙa cika layi da saƙonnin banza har na'urorin kwastan suka tsaya cik. Fasinjoji wajen 17,000 suka yi sa'o'i suna jira, da yawansu cikin jiragen da suka riga suka sauka.

A nan gida ma an ga abin da sakaci da uwar garke ke jawowa. Ranar 14 ga Mayu, 2025, Farfesa Ishaq Oloyede, a matsayinsa na Magatakardan JAMB, ya fito ya amsa cewa an sami kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas, har ya shafi ɗalibai 379,997, aka sa su sake jarrabawa. Laifin ba na kati ba ne, wani gyaran manhaja ne ba a ɗora shi daidai a kan wasu daga cikin uwayen garken ba. Jihar Bauchi ba ta cikin waɗanda abin ya shafa. Amma darasin ɗaya ne: aikin ma'aikaci guda a kan na'ura guda yana iya taɓa rayuwar dubban yara.

Abin da ke sa katin nan ya ba da wahala sananne ne ga masu sana'ar, kuma mafi yawansa ba ya bukatar injiniya daga Legas. Na farko dai waya. Wayar sadarwa tana da silli takwas a ciki, an murɗa su biyu-biyu. Gudun megabit 1,000 sai da sillin duka takwas, amma gudun megabit 100 huɗu kawai yake bukata. Saboda haka in ɓera ya ɗan ciji waya, ko an matse kanta ba daidai ba, kati yana iya komawa 100 shiru, fitilarsa kuwa tana nan a kunne. Lissafin a fili yake. Megabit 1,000 a raba wa kwamfutoci 250, kowace ta sami huɗu. In ya faɗo 100, kowace ba ta ko sami rabin guda ba. Sai a ga tambayoyi suna nawar buɗewa, lokaci yana tafiya, a ce wai "netwok" ne. Har ila yau wayar tagulla ba a ja ta ta wuce mita 100 daga akwatin rarraba layi, amma ɗan kwangilar da ba ya son sayen wani akwati yakan rufe ido ya ja.

Na biyu shi ne saiti. Kati da akwatin rarraba layi sukan daidaita gudu tsakaninsu da kansu. In wani ya ƙayyade wa gefe ɗaya da hannu ya bar ɗayan, sai a sami saɓani, layi ya yi kamar lafiya lau sa'ad da mutum biyu ke aiki, ya shaƙe da zarar zaure ya cika. Haka nan kowace na'ura tana da lambar adireshinta. Uwar garke tilas ne a ba ta lamba tsayayya, in kuwa aka yi kuskure wata kwamfuta ta ɗauki lambar nan, sai saƙo ya riƙa ɓata hanya. Akwai kuma ƙaramar manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake kira direba. Sabunta ta a daren jarrabawa ba tare da gwaji ba ganganci ne.

Na uku yanayin ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan waya, zafin bazara a ƙasar Katagum kuwa ba ya bukatar bayani, kuma a daidai lokacin ne aka saba yin jarrabawar. Da damina tsawa tana iya bin waya ta ƙone kati, musamman inda aka ja ta daga gini zuwa gini ba tare da an kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba. Sauya wuta zuwa janareto ba tare da batirin ko-ta-kwana ba shi ma yana kashe na'ura.

Maganin duk waɗannan ba shi da tsada in aka gwada da kuɗin zaure guda na kwamfutoci. Uwayen garke da yawa suna zuwa da ramin waya biyu ko huɗu, ana kuwa iya haɗa biyu su yi aiki tare, yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai ɗauki kayan. A ajiye kati guda na ko-ta-kwana, da 'yar na'urar gwada waya, da littafin da aka rubuta lambar kowace na'ura da ranar da aka taɓa ta. Ma'aikacin da ya ƙware yakan bi matsala daki-daki: ya dubi fitila, ya canja waya, ya canja rami, ya karanta gudun da kati ya nuna, ya aika saƙon gwaji zuwa kwamfutar kusa, sa'an nan ya dubi manhaja. Wanda bai sani ba sai ya yi ta kashewa yana kunnawa.

A nan ne gizo ke saƙa. An saba auna ci gaba da yawan kwamfutocin da aka sauke daga mota ranar bikin buɗewa, ba a tambaya wa zai duba su bayan baƙi sun watse. Wasu za su ce kuɗi ba su isa a ɗauki ma'aikaci na dindindin saboda jarrabawar mako biyu ba. Wannan hujja ta fara tsufa. Hukumar WAEC ta soma jarrabawa da kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, a 2025 kuma Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana nufin gwamnati na mai da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Asibitoci da bankuna da ofisoshin rajista su ma da uwar garke suke aiki. Mai wannan sana'a ba zai rasa abin yi ba tsawon shekara.

Saboda haka ya kamata hukumomi su yi abu uku. Duk kwangilar kafa zauren kwamfuta a Jihar Bauchi a rubuta cikinta cewa sai ɗan kwangila ya horar da 'yan gari aƙalla biyu, ya kuma bar kayan canji, kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Manyan makarantun yankin, irin su Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, su buɗe gajerun kwasa-kwasai inda ɗalibi zai matse kan waya da hannunsa, ya cire kati ya mai da wani. Ƙananan hukumomi kamar Shira kuwa su ɗauki nauyin samari da 'yan mata daga Disina da Yana su je su koyo.

Masu cibiyoyi su ma su kunna kwamfutocinsu duka a lokaci guda, su gwada uwar garke da cikakken kaya tun da sauran makonni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya yi shekara yana karatu ya cancanci a auna shi da abin da ya sani. Kada a bar wayar da ba wanda ya duba ta yanke masa hukunci.