Bayan Babur da Bayan Mai Shi

A wannan mako zan ajiye maganar siyasa da tsadar taki, in yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, wanda ya kusa raba ni da ziyarar mahaifiyata. Ina nufin shokozobar baya ta babur.

Shekara da shekaru ke nan nake da al'ada: duk ranar Asabar nakan tashi daga Birnin Kebbi da sassafe, in bi ta Ambursa in nufi Argungu, daga can in sauka daga kwalta in shiga hanyar burji zuwa ƙauyenmu da ke gefen fadama. A da da mota nake zuwa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, na jingine motar kamar yadda ma'aikata da yawa suka yi, na sayi babur Boxer na hannu. Tafiyar ba ta da nisa, amma na lura duk ranar Lahadi sai in tashi da ciwon ƙugu, in yi sallar asuba da ƙyar. Na ɗora wa shekaru laifi, na ɗora wa katifa. Ban taɓa zargin babur ba.

Inna ce ta fara gano bakin zaren. Wata rana na goyo ta zuwa asibiti a cikin garin Argungu domin a duba mata hawan jini. Da muka isa ta sauka tana dafe da baya, ta ce, "Kai ɗan nan, wanga abin hawa naka ba ya da tausayi. Jakin babanka ya fi shi sanin darajar tsoho." Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Da watan ganin likita ya zagayo ta ce ta yafe, gara ta zauna da ciwonta. Nan na gane maganar ta wuce jin daɗin zama. Idan tsohuwa ta bar shan magani saboda tsoron hanya, to abin da ke ƙarƙashin sirdi ya shiga maganar rai.

Kuskurena na farko shi ne irin wanda yawancinmu ke yi. Na shiga kasuwa na ce a ba ni shokozoba "mai ƙarfi". Mai shagon ya ɗauko mini wasu biyu masu kauri, sifirin ɗinsu ja wur, sun ɗan fi nawa tsawo, kuɗinsu kuma bai kai rabin na asali ba. Aka ɗaura. Babur ya ɗaga baya kamar zakara, ya yi kyan gani. Amma a Asabar ta gaba, kowane rami da na taka sai in ji shi a tsakiyar kaina, a kan burji kuma tayar baya ta riƙa tsalle tana zamewa. Kafin wata biyu ɗaya daga cikinsu ta fara zubar da mai. Araha ba ta ado.

Sai wani abokin aiki ya kwatanta mini wani dattijon bakanike a Argungu, wanda ya fara sana'a tun zamanin da ake yayin Honda Benly. Ya duba babur ɗin, ya danna bayansa da hannu biyu ya saki, ya tsaya yana kallo. Sannan ya ce, "Malam, wanda ya sayar maka da waɗannan ya ɗauka buhun shanshera huɗu kake ɗauka kullum. Kai da Hajiya ko rabin wannan ba ku kai ba." Ya ba ni benci na zauna, ya yi mini karatun da zan so kowane mai babur ya ji.

Shokozoba abu biyu ne a jiki ɗaya. Akwai sifirin da ake gani a waje, aikinsa ɗaukar nauyi da lanƙwasawa idan taya ta haɗu da tudu. Akwai kuma bututun da ke tsakiya, cike da mai, da sanda mai fistin a cikinsa. Duk lokacin da sifirin ya motsa, dole man nan ya kutsa ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan kutsawar ce ke rage wa motsin ƙarfi. In babu man, sifirin zai yi ta lilo sama da ƙasa bayan an wuce ramin, kamar kwalekwale a kan ruwan Matan Fada. In kuma sifirin ya yi wa nauyin da ke kansa tauri, ba zai lanƙwasa ba sam, sai ya miƙa bugun kai tsaye zuwa ƙashin bayan mahayi. Na farko cutar tsohuwar shokozobata ke nan, wadda manta ya tsiyaye tuntuni ban sani ba. Na biyu cutar sabuwar da na saya da kuɗina.

Abin da ya fi tsorata ni a bayaninsa shi ne batun birki. Ya ce babban aikin shokozoba riƙe taya a ƙasa ne, jin daɗin zama riba ce kawai. Tayar da ke tsalle, a daidai lokacin da take sama ba ta san birki ba, ba ta san kwana ba. Duk wanda ya taɓa jin babur ya yi masa wutsiya a kan gargadar burji ya san abin da ake nufi.

Ga abin da muka yi, mataki-mataki, ko wani zai amfana. Da farko ya auna tsawon tsohuwar shokozoba ta asali daga ramin ƙusa na sama zuwa na ƙasa, ya ce sabuwa dole ta zo daidai da wannan, domin wadda ta fi tsawo tana sauya tsayuwar babur, ta dagula saƙin sarƙa, ta sa kan babur rawa. Na biyu, ya ce a sauya biyun tare, ko da ɗaya ce ta mutu, domin sabuwa da tsohuwa ba sa tafiya da murya ɗaya. Na uku, ya kwance ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ya nuna mini robobin bush da suka cinye har ƙarfe na taɓa ƙarfe, aka sa sababbi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma in an bar su, ko shokozobar zinariya aka ɗaura aikin banza ne.

Na huɗu shi ne wanda ban taɓa ganin an yi ba. A gindin sifirin akwai wani zobe mai hawa-hawa kamar matakala, galibi mataki biyar. Ya ɗaga babur a kan tsayuwar tsakiya yadda tayar baya ba ta ɗauke da nauyi, ya auna da tef daga ƙusar taya zuwa wata alama da ya yi da alli a jikin kariya. Sannan ya sauke, ya ce in hau in zauna yadda nake tuƙi, ya sake aunawa. Ƙa'idar ita ce, nauyin mahayi ya cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozoba. A irin baburanmu, da tafiyar ba ta cika wuce santimita 10 ba, abin ya kama kimanin santimita 3. In ya nutse fiye da haka, a ƙara mataki. In bai kai ba, a rage. Ya kuma gargaɗe ni cewa zoben nan ba ya sauya taurin sifirin, tsayin da babur ke zama a kai kawai yake gyarawa, don a bar wa taya wurin hawa da wurin sauka. Ya ce, "Ranar da za ka ɗauko Hajiya, ƙara mataki ɗaya ko biyu a kowane gefe daidai wa daida. In ka sauke ta, ka mayar." Na biyar, ya sa ma'auni a tayar baya, ya tarar mai faci ya ɗura mata iska fiye da abin da kamfani ya rubuta. Taya ita ce shokozoba ta farko, in ta zama dutse sauran aikin ya ƙaru.

Da na koma gida na bi diddigin abin a karatu, sai na ga ashe manyan kamfanoni sun daɗe suna kai ruwa rana a kan wannan ɗan ƙarfe. A 1973 ɗan tseren ƙasar Suwidin, Hakan Andersson, ya ci gasar duniya ta tseren babur a kan turɓaya da wata Yamaha mai shokozoba guda ɗaya a tsakiya, kuma daga nan wannan tsari ya bazu zuwa manyan baburan tafiya mai nisa. Kamfanin Bajaj na Indiya kuwa ya tsaya a kan guda biyu a Boxer, ya sa ƙaramin sifirin a cikin babba domin ɗaukar kaya. Ma'ana, wanda ya ƙera babur ɗin ya riga ya yi lissafinsa. Mu ne ke rushe lissafin da kayan jabu da lodin da ya wuce kima.

Wannan ya kawo ni ga 'yan'uwanmu 'yan kabu-kabu. Ni sau ɗaya a mako nake wannan tafiya, na ji a jikina. Ina ga wanda ke kan sirdi daga hantsi zuwa isha'i? Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, zirga-zirga tsakanin fadama da gari ta ƙaru ainun. Inda mota ba ta shiga, babur ne ke fito da shanshera, ya shigar da taki da man injin ban-ruwa, shi ne kuma motar asibitin mai naƙuda da tsakar dare. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da tabbatar da cewa jijjigar abin hawa ta tsawon shekaru tana da alaƙa da ciwon ƙugu. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ba zai ji ba yanzu, sai ya kai arba'in, lokacin da 'ya'ya suka taru, bayan kuma ya ƙi. Jiki magayi.

Na san amsar da za a ba ni: wanda ke neman kuɗin balas na yau, ina ya ga na shokozoba ta asali? Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma rabin abin da dattijon nan ya yi mini bai ci ko kwabo ba. Danna bayan babur ka saki: in ya taso sau ɗaya ya tsaya, da sauran rai, in ya yi ta lilo, mai ya ƙare. Shafa sandar da yatsa: in ka ga danshin mai da ƙura ta manne, sil ya fashe. Juya zobe gwargwadon kaya. Auna iska da ma'auni, a daina bugun taya da sifana ana sauraren ƙara. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu za su iya gayyato bakanike ɗaya ya nuna wa mambobinsu wannan a tasha cikin rabin sa'a. Masu adashe kuma su sa shokozoba a jerin abin da ake tara wa kuɗi, kamar yadda ake yi wa taya. Hukumomin da ke kula da ingancin kaya su leƙa shagunan kayan gyara, ƙananan hukumomi kuma su tuna cewa gireda ɗaya bayan damina tana ceton ƙugu dubu.

Asabar ɗin da ta biyo bayan gyaran na ƙara mataki biyu, na je na lallashi Inna ta hau. Ban yi gudu ba. Da muka isa ƙofar asibiti ta sauka da kanta, ta gyara mayafi, ta dubi babur ɗin ta ce, "To, yanzu ya yi hankali." Tun daga ranar ba ta sake tsallake ganin likita ba, ni ma na koma yin ruku'u ba tare da cije leɓe ba.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba masu nema sa'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.