Na'ura Tana Jera Manazarta, Amana Kuwa Tana Wuyan Marubuci

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin kammala digiri a jami'o'inmu ya san cewa babu inda ɗalibi ke shan wahala kamar shafukan ƙarshe, inda ake jera manazarta, domin a nan ne malamin da ke duba aikin kan mayar masa da kundi saboda waƙafi ya zauna a mazaunin aya, ko shekarar bugu ta koma bayan sunan littafi alhali ƙa'idar sashen ta ce ta biyo sunan mawallafi. Ƙa'idojin nan kuwa suna da yawa, kowace da hukuncinta: akwai ta Jami'ar Chicago, wadda aka fara buga littafinta a 1906, akwai kuma ta APA, ta ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ƙa'idar da ta samo asali a 1929, bugunta na bakwai ya fito a 2019.

Saboda haka babu mai adalcin da zai musa cewa manhajojin tsara manazarta ni'ima ce. Zotero, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, kyauta ake samun ta; Mendeley ta fito daga Landan a 2008, kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013. Ɗalibi ya sa lambar ISBN ta littafi ko lambar DOI ta maƙala, kafin ƙiftawar ido manhaja ta ɗebo sunan mawallafi da maɗaba'a da shekara, ta jera su bisa salon da ya zaɓa. Lokacin da ake ɓatawa wajen farautar waƙafi ya fi dacewa da nazari.

Amma fa ya wajaba mu tuna dalilin da ya sa ake ambaton madogara tun asali, kuma mu da muka gaji ilmin isnadi bai kamata wani ya riga mu fahimtar wannan ba. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai an faɗi wanda aka ji ta daga bakinsa, shi ma daga wa ya ji, har suka riƙa aibanta tadlisi, wato mutum ya ruwaito daga wani ta hanyar da za a zaci ya ji daga gare shi alhali bai ji ba. A ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukh musamman don ya lissafa shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ɗalibin da ya cika shafi da littattafai hamsin waɗanda bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, don kawai manhaja ta sauƙaƙe masa jera su, ya faɗa cikin wannan aibi, ko da kowace aya ta zauna daidai.

Bayan haka, manhajojin nan an gina su ne bisa al'adar Turawa ta sunan dangi, ba su kuma san komai ba face abin da wani ya riga ya shigar a rumbun intanet. Sukan yanka sunan Bahaushe su mai da sunan uba ko na gari ko laƙabi ya zama sunan dangi, wani lokaci kuma haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, su fito a gurɓace. Rubutun ajami da ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna ba shi da lambar da za a sa, haka hirar da aka yi da dattijo a zaurensa, haka kuma yawancin littattafan hikaya da aka buga a Kano, waɗanda sau da yawa ko shekarar bugu ba su ɗauke da ita. Mai nazarin harshe da tarihinmu dole ya shigar da irin waɗannan da hannunsa, bayan ya yi tahƙiƙi.

Fitina mafi girma ita ce ta manhajojin hira irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙaga sunan mawallafi da littafi da lambar shafi alhali babu su a duniya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da manhajar ta ƙaga musu. Idan lauya ya faɗa wannan rami, ina ga ɗalibin da wa'adi ya matsa masa?

Kiranmu ga sassan jami'o'i shi ne su koyar da amfani da manhajojin tsara manazarta tun daga shekarar farko, su kuma fitar da ƙa'ida guda ta rubuta sunayen Hausawa da rubutun ajami da hirarraki. Kai kuma ɗalibi, gani ya kori ji: kada ka sa littafi a jerin manazartarka sai ka buɗe shi ka ga shafin da idonka, domin ranar kare kundi kai za a tambaya.