Filin Lafiyar Iyali: Hanji, bitamin da maganin da ake yayi

Wata ƴar'uwa cikin masu karanta wannan fili ta aiko mana da tambaya. Ɗanta da ke zaune a ƙasar waje ya yi alkawarin aiko mata wani magani mai suna BPC-157, wai yana warkar da gyambon ciki, yana kuma gyara hanji har jiki ya riƙa cin moriyar bitamin. Tana son ta ji ko ta karɓa. Shawararmu ita ce ta dakata tukuna.

Abin da likitoci ke kira peptid ɗan guntun sinadarin gina jiki ne, dangin wanda ke cikin nama da wake; insulin na masu ciwon sukari ma daga wannan gida ya fito. Shi BPC-157, masu bincike ne a birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya suka fito da shi a farkon shekarun 1990, kuma mafi yawan gwajinsa a kan ɓeraye aka yi. Hukumomin magani na Amurka da na Turai ba su amince da shi ba, hukumar WADA mai hana ƴan wasa amfani da ƙwayoyi kuwa ta haramta shi a 2022. Wanda ya saye shi ta intanet bai ma san abin da aka ɗura a kwalbar ba.

Akwai dai peptid na hanji da ya tabbata, wato teduglutide, wanda aka amince da shi a Turai da Amurka a 2012. Allura ce ta kullum, mai tsada ainun, domin waɗanda aka yanke wa mafi yawan hanjinsu. Ba a yi shi don mai kumburin ciki ba.

To, yaya jiki ke karɓar bitamin? Ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, shi ke tsotse abinci, kuma kowane sinadari da sharaɗinsa. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga sosai sai da maiƙo da ruwan matsarmama. Ke nan iyayenmu mata da ke kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa sun riga masana aiki da wannan ilimi. Bitamin B12, wanda ake samu a nama, kifi, ƙwai da nono, sai tumbi ya fitar da wani sinadari ya raka shi har ƙarshen hanji kafin ya shiga jini. Masu daɗewa suna shan omeprazole ko metformine kan rasa shi a hankali, su fara jin kasala da mutuwar ƙafa. Irin waɗannan su nemi likita ya auna jininsu, kada su bar maganin da kansu.

Sai batun shayi, wanda mun san zai sosa wa maza inda ba su so. Shayi mai ƙarfi a kan abinci yana tare sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, alhali lemun tsami, tumatir da gwaba suna buɗe masa hanya. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su jinkirta shayin da awa guda ko biyu bayan cin abinci.

Gyambon ciki kuwa, yawancinsa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke haddasa shi, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofène da diclofénac, waɗanda ake saye barkatai a bakin hanya. Likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun sami lambar Nobel a 2005 saboda gano wannan ƙwaya. Ana iya gwada ta, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Saboda haka muna ba ƴar'uwarmu shawara ta ce wa ɗanta ya aiko da kuɗin, ta je asibiti a yi mata wannan gwaji. Idan kuma ta ga bahaya baƙi ƙirin, ko aman jini, ko rama ba dalili, to, kada ta jira kuɗin su iso.